Rafkanuwar Malam Labbo

Duk wanda ya yi firamare a Kamarawa daga farkon shekarun casa'in zuwa yau, to ta hannun Malam Labbo ya bi, ko ya so ko ya ƙi. Dogo ne siriri, da jan biro kullum a saƙale a aljihun gaba. Ubansa falke ne mai jakai, yana kai gero da barkono ƙetaren iyaka ya dawo da kanwa da dabino, kuma ya so ƙwarai Labbo ya gaje shi. Sai dai yaron bai iya jaki ba. Sau biyu yana sakin igiya a hanyar Madawa don ya tsaya kallon rubutun jikin wata mota, har uban ya gaji ya ce a kai shi boko, tunda can ake ajiye waɗanda ba su da amfani a gida.

Haka ya zama malami. Ya yi shekara huɗu a Tsamaye, uku a Alkalawa, inda in damina ta zauna sai ya naɗe wando ya ratsa fadama kafin ya kai aji, sannan aka dawo da shi gida har ya zama hedimasta. Shekara talatin da biyu ke nan yana riƙe da alli. A garin, takardar asibiti in ta gagari mutum wurinsa ake kaiwa. In an yi gardama a majalisa kan shekarar da gulbi ya cinye gonakin gabas, sai a ce a jira Malam. In ya faɗa, magana ta ƙare.

A yi masa adalci, ba shi ya naɗa wa kansa wannan rawani ba. Mutanenmu ne, da halinsu na in sun zo gaban babba sai su cire hankalinsu su ajiye a bakin ƙofa tare da takalma. Amma shi ma bai ture ba. Wa ke ƙin zuma? Ya sha har ya saba, ya kai ga shi kansa ya manta yaushe rabon da wani ya ce masa ba haka ba ne.

Shekarun baya aka fara raɗe-raɗin cewa hedimasta marar digiri zai koma bayan layi. Malam Labbo yana da shekara hamsin da shida, bai ga ta inda zai riƙa zarya zuwa Sakkwato ba, da wannan hanya tamu da kowa ya san halin da take ciki. Sai Allah ya kawo sauƙi, wata jami'a ta buɗe reshen karatun Asabar da Lahadi a nan Isa, cikin ajujuwan wata tsohuwar sakandare, don malaman ƙauyuka. Ya sa suna. Ranar farko ya shiga aji ya tarar da mutum arba'in da ɗaya, fiye da rabinsu ya taɓa duba musu farce a layin safe. Suka miƙe gaba ɗaya, suka bar masa bencin gaba.

Mai koyar da su dabarun koyar da lissafi ita ce Jamilatu, ɗiyar Is'haƙa mai awo na kasuwar Kamarawa. Malam ya riƙe ta a aji huɗu, lokacin da ɗankwalinta ba ya minti biyar a kanta. Yanzu Dakta ake ce mata. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Baba Malam, an zo lahiya?" sannan ta miƙe ta kira rajista, har da sunansa.

Mako uku ana abu ɗaya. Jamilatu ta yi tambaya, aji ya yi tsit, idanu duk su koma bencin gaba. Malam ya gyara murya ya faɗi abin da ya gani, sai ka ji "Haka na, haka na" ta ko'ina. In ta ce, "Kun gane?" su amsa baki ɗaya, "Mun gane." Da ta ba su ɗan gwaji a takarda, sai ta ga ganewar ba ta sauka ko'ina ba. A ƙarshen mako na uku ta ce musu Asabar mai zuwa za ta zo da wasu katuna. Kowa zai ɗaga nasa ya ba da amsa a lokaci guda, wayarta ta karanta, majigi ya haska sakamako a bango.

Wannan magana ta hana Malam Labbo sakat mako guda cur. Gaskiyar da bai gaya wa kowa ba ita ce karatun nan yana yi masa nauyi. Akwai abubuwan da yarinyar ke faɗi da yake gyaɗa kai kawai, yana fatan kada ta tsaya a kansu. Ran Alhamis da la'asar ya zauna kusa da matarsa Hajo tana ɓarar gyaɗa, ya kasa riƙewa.

"Na'ura ba ta da kara, Hajo," ya ce. "Ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba."

"To Malam, in ka san amsa, mi na abin tsoro?"

"In ban sani ba hwa? Ranar da sunana yah hito ga bango da amsar banza, gaban ɗiyan da niy yi ma bulala, ba ni komawa. Digirin ya tahi abinai."

Hajo ta hure ɓawon gyaɗa daga tafinta, ta ce wa ƙwaryar da ke gabanta, ba shi ba, "Girman kai dai rawanin tsiya na." Ya yi kamar bai ji ba. Amma da gaske yake. Ya riga ya yanke cewa gara a sauke shi daga hedimasta da a ce girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki.

Ran Asabar an kwana da ruwa, gero ya yi kore shar a gefen hanya. Sau biyu yana tunanin ya aika a ce babur ya ƙi tashi. Babur kuwa bugu ɗaya ya tashi, kamar da gayya.

Jamilatu ta zo da katunan a kan faifai, a kife. Ta ce kowa ya ɗauki ɗaya kamar ƙuri'a, ita ba ta san na kowa ba, wayar ma ba ta sani ba. Malam bai yarda ba, amma ya ɗauka. Farin kwali ne, a tsakiyarsa wani baƙin zane mai lungu-lungu, a gefunansa huɗu an sa A, B, C, D da rubutu ƙanana ƙwarai. Harafin da ka zaɓa shi za ka juyo sama ka ɗaga. Babu kati biyu masu zane ɗaya, kuma haruffan ba wuri ɗaya suke a kowane kati ba, don haka ko ka zura wa hannun maƙwabcinka ido ba abin da za ka tsinta. Da ta bayyana wannan, Malam ya ga Atiku, wanda ke zaune a damansa, ya ɗan yi tsuru-tsuru. Atiku malami ne a Tsamaye, shekararsa arba'in, furfura ta fara taɓa masa gemu, amma har yau in Malam ya yi tari sai ya gyara zama.

Ta rubuta a allo: shida a raba da rabi. Malam ya ji sanyi a ransa. Wannan ai ko a barci aka tashe shi, a juya na ƙasa ya koma sama, a ninka, sha biyu. Sai ta ce ba amsar take nema ba, ta san kowa a nan ya iya. Abin da take so shi ne, in ɗan aji huɗu ya ce a ba shi labarin wannan lissafi da abin da ya sani, wanne za a ba shi? Ta haska labari huɗu a bango. A: tiya shida ta gero, a raba wa gida biyu daidai wa daida. B: tiya shida, kowane gida a ba shi rabin tiya, gida nawa za su samu? C: rabin tiya a raba wa mutum shida. D: tiya shida, a ɗebe rabin tiya daga ciki.

A raba da rabi, a raba biyu. A kunnen Bahaushe ai kusan magana ɗaya ce. Malam bai ko tsaya ba, ya juyo A sama ya ɗaga. Jamilatu ta ɗaga waya ta bi ajin da ita a hankali daga hagu zuwa dama. Da bakin wayar ya zo saitinsa ya ji gumi ya tsattsafo masa a tafin hannu, har kwalin ya yi laushi inda ya riƙe.

Bango ya haska. Sanduna huɗu ne a tsaye, kowanne da lamba a kansa. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya duba kusurwa. Babu suna, ko na mutum ɗaya. Ya saki wata ajiyar zuciya da sai da Atiku ya waiwayo. Ashe wannan ne dodon da ya hana shi cin tuwo mako guda. Kuma ga wani daɗin a kan daɗi, sandan A ya fi kowanne tsawo, mutum ashirin da biyar. B sha ɗaya, C huɗu, D biyu. Malam ya jingina da bango, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Ba ni gaya muku wadda ad daidai," in ji Jamilatu. "Kowa shi juya ga na kusa da shi. Minti biyar. Ko ka jawo shi wurinka, ko shi jawo ka."

Aji ya kaure da surutu, abin da bai taɓa yi ba. Amma bencin gaba shiru, babu wanda ya juyo gare shi. Sai shi ya juya.

"Atiku, mi kaz zaɓa?"

"Abin da Malam yaz zaɓa."

"To mi niz zaɓa?"

Atiku ya sosa ƙeya. Malam ya yi murmushi irin na wanda ya kama yaro da satar amsa, ya ce da murya ba ƙasa-ƙasa ba, "A mana. Wanga ai a hili yake." Atiku ya ce haka na. Na bayan Atiku ya ji, ya sunkuya ya gaya wa na kusa da shi. Ka san yadda magana ke tafiya a cikinmu, ba ta bukatar majigi.

A benci na biyu, daidai bayan Malam, akwai Zahra'u, wata yarinya mai koyarwa a makarantar 'ya'yan makiyaya. A ruga ta tashi, ba ta taɓa zama ajinsa ba, kuma tun da aka fara karatun nan bai taɓa ganin ƙwayar idonta ba don kunya. Da ta kusa da ita take magana, a hankali, amma kunnen tsohon malami ba ya barin raɗa ta wuce.

"Ni abin da ad damuna," in ji Zahra'u, "lissahin sha biyu yab ba mu, ko? To labarin A, tiya shida gida biyu, kowa ukku za shi samu. Ina sha biyun tat tahi? Amma in rabin tiya za a ba kowane gida, tiya guda ta ishi gida biyu. Shida ta ishi sha biyu."

"Ke, yi shiru," in ji ɗayar. "Malam A yaz zaɓa. Tun muna aji huɗu yag gaya muna rabawa ragewa ta, abu ba ya ƙaruwa in an raba shi. Abin da babba yah hango, yaro ko ya hau rimi ba shi ganinai."

Malam Labbo ya sauke ƙafarsa. Uku. Labarin da ya zaɓa uku yake bayarwa, shi kuwa ya san lissafin sha biyu ne. Ya sake bi a zuci, ya ga yarinyar ba ta bar masa ko ƙofar fita ba. Tambayar ba a raba shida gida biyu ba ce, rabi nawa ne a cikin shida. Shekara talatin da biyu hannunsa na rubuta sha biyu a allo, bakinsa na cewa rabawa ragewa ce, kuma bai taɓa jin su biyun sun yi karo ba. Kunya ta kama shi tun daga wuya har kunnuwa. Wannan karin maganar da ɗaya yarinyar ta ja, da muryarsa ta ja shi, har da inda yake tsayawa ya numfasa.

"A sake ɗagawa," in ji Jamilatu.

Ya juya katinsa a hankali, B ta koma sama. A nan ne ya gode wa Allah da wannan kwali. Ba wanda ya ga ya juya, ba wanda zai sani. Zai koma gida da mutuncinsa cif, ran Litinin ya shiga aji huɗu ya gyara abinsa shiru, kamar dama haka yake koyarwa. Har ya fara jin yunwa, alamar hankali ya kwanta.

Bango ya haska. A talatin da bakwai. B biyar. C da D babu kowa.

Jamilatu ta dubi bango, ta dubi waya, ta goge gilashinta da bakin mayafi ta ce a sake ɗagawa, wataƙila ba ta ɗauka daidai ba. Aka sake. Talatin da bakwai, biyar. Ta tsaya riƙe da wayar, fuskarta ta faɗi. "Ikon Allah," ta ce a hankali. "An yi muhawara, an ƙara nisa." Ba ta san abin da ya faru ba, don tana can ƙarshen aji lokacin da maganar ta bi benci-benci.

Malam kuwa ya sani, lissafi ne mai sauƙi. Sha ɗaya ne suka gane da farko. Yanzu biyar, kuma shi ne na biyar ɗin. Mutum bakwai ke nan suka ga gaskiya da idonsu suka sake ta, don an ce Malam yana wancan gefe. Suna can sun bi shi inda shi ya riga ya baro. In ya yi shiru, Jamilatu za ta yi bayani, su ce mun gane, su rubuta B a littafi, su koma Tsamaye da Alkalawa da rugage su koya wa yara abin da Malam ya faɗa. In ya yi magana kuwa, to abin da ya rantse zai bar makaranta a kansa ne zai yi wa kansa da bakinsa, ba na'ura ba. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Ya dafa benci ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Malama, a ba ni izni."

"Bismillah, Baba Malam."

Ya juya ya fuskanci ajin, ya ɗaga katinsa. "Da hwarko A niz zaɓa. Ba daidai ba ta. Yanzu B nika riƙe da ita, kuma ba ni nig gano ba, wagga ɗiya ta bayana ta." Zahra'u ta ja mayafi ta rufe fuska. "Wanda duk nig gaya ma rabawa ragewa ta, ni nib ɓata shi, shi yahe mini. Amma ku ma za ni gaya muku taku. Ko liman in ya yi rafkanuwa cikin salla, na baya ka ce mai Subhanallah shi dawo hanya. Ni shekara talatin da biyu ina jan ku, ba a samu mutum guda da yac ce mini ba."

Ya tsaya yana jiran abin da ya kwana bakwai yana tsoro, ƙus-ƙus, ko dariyar da ake dannewa, ko kallon tausayi wanda ya fi duka ciwo. Ba ko ɗaya. Kan kowa a ƙasa, kamar su aka kama. Can sai Atiku ya yi gyaran murya.

"Malam, wallahi ni B niz zaɓa tun hwarko."

"To don mi kac ce mini haka na?"

"Ai ku na, Malam."

Wani a baya ya ce shi ma. Wata ta ce ita ma, har ta rubuta sha biyu a tafin hannu sannan ta goge. Sai dariya ta ɓalle, ba a kan Malam ba, kowa a kan wautarsa, har da Jamilatu da ta dafe tebur. Malam ya tsaya a tsakiyarsu yana jin wani abu na sauka daga kafaɗunsa. Ya faɗi, kuma ba abin da ya karye. Ga shi nan tsaye, ga su nan suna ce masa Malam kamar jiya. Daɗin da ya ji ya fi na lokacin da ya ga babu suna a bango, nesa ba kusa ba.

Jamilatu ta miƙo masa alli da hannu biyu. "Baba Malam, to ku zana muna shi yadda ɗan aji huɗu za shi gani."

Ya je allo. Ya zana tiyoyi a jere, ya bi kowace ya tsaga ta biyu da layi, ya juyo ya ce a ƙirga gidajen tare. Kafin a fara ya ji wata 'yar murya daga bencin gaba, kamar mai ita yana roƙon kada a ji.

"Subhanallah."

Malam ya dubi Atiku. "Ɗaga murya, ban ji ba."

Atiku ya ɗaga murya. "Subhanallah, Malam. Tiya biyar kunka zana."

Malam Labbo ya juya ya ƙirga da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Biyar ce. Ya yi dariya har sai da ya share ido da bakin hannun riga, ya ce, "Madalla." Sannan ya ƙara ta shida.